Yatsun Fiddausi

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wadar Zariya ya san hancin Alhaji Labaran kafin ya san sauran jikinsa. Dubagari ne tun zamanin da dubagari yake da kwarjini, lokacin da in an hango kakinsa a bakin layi mata kan ruga su kife tukwane, su share makwarara, su ɓoye akuya a bayan ɗaki. Ya daɗe da yin ritaya, amma hancin bai bi shi ba. Yana iya tsayawa a ƙofar gidanka ya gaya maka masai ya kusa cika, ko an kwana da miya ba a ɗumama ba. Mutane suna gaishe shi da girmamawa, suna kuma Allah-Allah ya wuce.

Abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa a gabansa shi ne, ɗan majema ne. Ubansa Nagoda ya rayu ya mutu a cikin birni yana jiƙa fata a ruwan toka, yana tsoma ta a kashin tattabaru, yana dakan bagaruwa. Warin gidansu irin wanda yake shiga tuwo ne, ya shiga tabarma, ya bi mutum har masallaci. A makaranta yara kan toshe hanci in Labaran ya zo zama. Wata rana, yana ajin ƙarshe na firamare, uban ya biyo shi da ƙosai don ya fita bai karya ba. Ya miƙo masa a gaban yara da hannun nan nasa mai baƙaƙen farata. Labaran ya dubi hannun, ya yamutsa fuska, ya ce ya ƙoshi. Daga ranar bai ƙara cin abin da hannun ya taɓa ba har aka kai tsohon makwancinsa.

A makarantar koyon aikin tsafta ya tsinci abin da ya riƙe a matsayin addininsa na biyu. Wani malaminsu yana da tsohon littafin Turawa, a ciki aka ce al'umma tsani take hawa, daga ƙazanta zuwa wayewa, kuma abin da uba ya hori jikinsa a kai, da shi ake haifar ɗansa. Sauran ɗalibai sun rubuta sun ci jarrabawa sun manta. Labaran kuwa ya ji kamar don shi aka rubuta. Ashe wari ba zanen dutse ba ne. In ya wanke kansa da gaske, wanki na shekaru, 'ya'yansa za su zo duniya a wanke.

Sai ya duƙufa. Ya ƙetare Ƙofar Doka ya kama haya a Tudun Wada, daga baya ya gina nasa. Ya ƙi yin aure har sa'o'insa suka fara aurar da ƙanne, wai yana jiran jininsa ya tace. Da ya auri Ishatu ya kafa doka: ba buzu a gidan, ba takalmin fata, ragon layya kuwa ana gama fiɗa fatar za ta bar unguwar. Duk ɗan da aka haifa, kafin ya yi masa huɗuba sai ya kai hanci tsakar kansa ya shinshina. Ungozoma ta taɓa tambayar Ishatu ko mijinta yana da iska. Bai taɓa jin komai a kan jariran ba sai ƙamshin jarirai, kuma kowane ɗaya ya ƙara masa tabbaci cewa littafin bai yi ƙarya ba.

Da ya tsufa, sai karatun ya koma majalisa. Kullum bayan la'asar suna zama a benci a gaban kemis ɗin Nnamdi, wanda aka haifa a unguwar, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu masu ita.

"Ku dubi raƙumin dawa," in ji Alhaji Labaran wata yamma. "Kakansa wuyansa bai fi na akuya ba. Yunwa ta sa shi miƙa wuya yana cin ganyen sama, ya haifi ɗa da ɗan ƙarin tsawo, shi ma ya ƙara miƙawa. Haka mutum yake, haka gari yake. Ɗan maƙeri ba ya tsoron wuta tun a zanen goyo. Waɗannan 'yan acaɓar kuwa, ku zuba ido, jikokinsu da doro za a haife su."

"Alhaji, ni fa babana direban tirela ne," in ji Nnamdi. "Har ya mutu yana kan titi. Ni ko keke ban iya ba."

"Kai ai albasa ce, ba ka yi halin ruwa ba."

Aka yi dariya. Malam Kailani tela, wanda ba ya bari magana ta wuce bai ɗinka mata aljihu ba, ya ce, "Da haka ne, Alhaji, da wanzamai sun daɗe da neman wata sana'a. Tun kaka da kakanni ake cire wa jarirai beli, har gobe da abinsu ake haifarsu."

"Wannan yanka ne, ba horo ba. Abin da aska ta cire daban, abin da mutum ya ɗora wa kansa da niyya daban." Alhaji Labaran ya murza babban yatsansa a kan sauran, ya kai su gefen hanci, ya goge a gaban rigarsa, ya ci gaba. "In kuna son shaida ku zo gidana ku ga Fiddausi."

Fiddausi jikarsa ce, 'yar autansa Zulkiflu, wanda yake aiki a Kaduna yana zuwa ƙarshen mako. Matarsa Naja'atu tana zaune da yarinyar a gidan. Shekarunta huɗu, ga surutu, ga iyayi. Ba ta zama a ƙasa sai an shimfiɗa mata abu, in ƙuda ya sauka a kofinta ta bar shi ke nan. Alhaji yana kallon wannan yana jin daɗi har cikin ƙashinsa. Ga hawa na uku na tsanin nan, a tsaye a tsakar gidansa, da kitso da ɗan kunne.

Amma ba don shaida kaɗai yake son ta ba, ko da yake da za ka tambaye shi haka zai ce. 'Ya'yansa sun girma suna tsoronsa. In ya shigo kowa sai ya duba farcensa. Ba wanda ya taɓa sa hannu a kwanonsa, shi ma bai taɓa gayyata ba. Fiddausi ce ta fara, tun tana rarrafe, ta zo ta dulmiya hannu a kokonsa, kuma ga mamakin kowa bai ture ta ba. Tun daga nan kullum da safe tare suke karyawa a kan tabarmarsa, yana gutsura mata ƙosai yana ba ta a baki. Yana ce mata amarya, tana ce masa ango mai furfura, tana yi masa barazanar za ta sake shi ta auri mai rake. A duk duniya ita kaɗai ce take cin abin da hannunsa ya taɓa ba tare da ta tsargu ba, kuma wannan shi ne abin da yake tashi dominsa da safe.

To, a kan wannan tabarmar abin ya faru. Ta gama cin ƙosanta, ta murza babban yatsa a kan sauran, ta kai hanci, ta ja numfashi gajere sau biyu, ta ɗan tattare goshi, ta goge a ƙirjin rigarta.

Alhaji ya ajiye kokon. Ya san wannan motsin. Haka Nagoda yake yi in ya ciro fata daga kwatarniya yana son ya san ko jimar ta kama: ya murza, ya shinshina, ya tattare goshi, ya goge a ƙirji. Yarinyar ba ta taɓa ganin tsohon ba, ko hotonsa babu a gidan. Ba ta taɓa taka unguwar majema ba. Nan take ya ji warin ya taso masa, ruɓaɓɓen gashi da toka da kashin tsuntsu, har yawu ya cika masa baki. Ya dubi ɗan hannunta mai maiƙo, wanda yanzu ya fito daga kwanonsa, ya janye kwanon daga gabanta.

"Tashi ki tafi wurin uwarki."

"Ango, ban ƙoshi ba."

"Na ce ki tashi."

Ya kwashi kwanon da kansa ya zubar a makwarara, ya kuskure baki har ya gaji.

Mutum ba ya fara neman laifi a gidansu, sai ya gama da na maƙwabta. Alhaji ya aika aka kira Naja'atu. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, ya shiga yi mata tambayoyin da ya riga ya yi kafin aure, don shi ba a kawo mace gidansa sai ya bincika har kakan kaka. Mahaifinta atamfa yake sayarwa, kakanta liman ne, uwarta malamar makaranta ce a Hanwa. Ko mahauci babu, balle majemi.

"Da kina da cikinta, kin shiga birni?"

"Sau ɗaya ko biyu, Baba, gaisuwar rasuwa."

"Kin ci ganda?"

Ta ɗago ta dube shi, ta sunkuyar da kai. "Na ci, Baba. Ita na yi kwaɗayi."

"Fata ke nan. Kin ɗura wa jikata fata tun tana ciki."

Ya hana shigo da ganda gidan daga ranar. Sai dai ko shi bai yarda da wannan ba. Rabin matan Zariya suna cin ganda, ba su haifi majema ba. Ya san daga inda ruwan ya ɓullo. Duk wankan nan, duk sabulun da ya ƙarar, duk auren da ya jinkirta, ashe abin kwanciya ya yi a ƙasan jini kamar laka a gindin randa, yana jiran mai girgizawa. Ya tsallake 'ya'ya ya faɗo a kan jika, kuma a kan wadda ya fi so.

Amma littafin bai bar shi babu mafita ba. Abin da horo ya shigar, horo yana fitarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in kuwa aka bar ta ta girma da shi, ita ma za ta haifa. Ya sa aka samo masa maɗaci, ya jiƙa, ya shafe mata yatsu. Maɗaci don masu tsotson hannu aka yi shi, ita kuwa ba tsotsa take ba, sai ma ta ƙara shinshinawa don ta ji me aka shafa mata. Ya koma wanki. Duk lokacin da ya kama ta sai ya ja ta bakin famfo, ya dirje hannun da soso da sabulun wanki, yana kawar da fuska gefe.

"Ango, da zafi."

"Ƙazanta ce take fita. Hannun nan naki wari yake."

Ta kai hanci za ta gwada, ya buge hannun.

"Ni ban ji ba."

"Ba za ki ji ba, a jini yake. Jinina ne ya fito a jikinki. In ba a wanke ba kowa zai guje ki."

Karin safe ya mutu. Takan zo ta tsaya daga nesa da ɗan kofinta, shi kuwa ya juya baya ya ci shi kaɗai, abincin ba daɗi. Yana kewarta, kuma yana ƙyamarta, duka biyun a lokaci guda, kuma ƙyamar ce take rinjaye. In ta taɓa butarsa sai ya sake ɗauraye ta. Hajiya Ishatu tana kallo tana cewa a bi a hankali, yarinya ce. Zulkiflu ya zo ƙarshen mako, matarsa ta kai masa ƙara, ya ce ta yi haƙuri, ai Baba ne, ya hau mota ya koma Kaduna. Namiji in yana son zaman lafiya da ubansa, haƙurin matarsa ne yake da arha.

Wata ranar Talata da hantsi ya kama ta tana yi a bayan ƙyaure, a ɓoye. Ɓoyewar ce ta fi ƙona masa rai. Ya shiga kicin, wurin da bai saba shiga ba, ya ɗebo dakakken barkono, ya kwaɓa da ruwa ya shafe mata yatsun duka. A lissafinsa za ta kai hanci ta yi atishawa ta tuba. Yaro kuwa in hanci ya yi zafi kuka yake, in ya yi kuka ido yake murzawa.

Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Naja'atu ta fito da gudu daga wanki, ta sure ta, ta kai bakin famfo tana watsa mata ruwa, Hajiya tana ɗiga mata madara a ido. Fuskar ta kumbura, idanun suka rufe, majina da hawaye da barkono suka haɗe suna gangarowa har wuya. Alhaji yana tsaye a gefe. Tausayi ya taso masa, gaskiya ne, amma da ya ga majinar sai ya ja da baya.

Da yarinyar ta yi barcin wahala, Naja'atu ta zo ta durƙusa inda ta saba. Muryarta ba ta tashi ba.

"Baba, ina neman izini. Zan kai ta Hanwa wurin Mama ta kwana biyu."

"Ba inda za ta. Aikin bai ƙare ba."

"Baba, jiya na same ta a bayan gida tana dirza hannunta da yashi. Fatar ta fara saɓulewa. Ba ta cin abinci sai na ba ta a baki."

"Alama ce ta fara ganewa."

Naja'atu ta dube shi, irin kallon da suruka ba ta yi wa uban miji. Ta tashi ta tafi. Ya ga kallon, ya kuma gane shi, don shi ne kallon da yake yi wa masai in ya cika.

Hajiya Ishatu ce ta rage a ɗakin. Sai ya juya kanta, tunda ita ce ba ta gudu. Ya shiga zazzaga mata: matan yanzu ba su san gata ba, shi yana ƙoƙarin ceton zuri'a ana kallonsa kamar mugu, shi kaɗai ya san daga ramin da ya fito da gidan nan, shi kaɗai ya san abin da ake ji in yara sun toshe hanci. Yana cikin magana ta miƙo hannu ta cafke wuyan hannunsa. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi masa haka ba.

"Tsaya haka, Alhaji. Kada ka motsa. Dubi inda hannunka yake."

Ya duba. Yatsunsa suna ƙarƙashin hancinsa, babban yana kan sauran, numfashin da ya ja bai ma sake shi ba.

"Ƙaiƙayi nake ji."

"Ƙaiƙayin ya daɗe. Tun ranar da na fara kawo maka abinci kake yi. In ka gaisa da mutum ka yi, in ka taɓa ƙofa ka yi, in ka sallame salla ka yi. Yarinyar nan kullum tana gefenka tana kallon bakinka. Tarinka ma tana kwaikwaya, da yadda kake gyara hula. Wane jini? A tabarmarka ta ɗauka."

"Da ina yi da na sani."

"Gwano ai ba ya jin warin jikinsa."

Ta saki hannun. Ya faɗo masa a cinya, ya bi shi da kallo kamar hannun wani.

Bai yarda nan da nan ba. Ya ce zai kama ta da ƙarya, ya sa wa kansa ido. Kafin azahar ya kama hannun yana tashi ya fi a ƙirga. Ya ɗauki buta, hannun ya tashi. Ya amsa waya, ya tashi. Ba ya neman izini, ba ya sallama. Da ya tsananta tunani sai ya gano mafarinsa: tun a firamare, yana duba ko warin gida ya biyo shi. Ubansa yana shinshina yatsa don ya ji ko fata ta yi, shi yana shinshinawa don ya ji ko shi fatar ce. Motsin dai ɗaya ne, kuma a tsakar gidan majema ya gan shi ya ɗauka, kamar yadda aka gani a wurinsa aka ɗauka.

Da la'asar ya je majalisa ya zauna a kan hannunsa na dama. Bai yi maganar raƙumin dawa ba. Da Nnamdi ya shiga ba wata mata magani, ya matso kusa da Malam Kailani.

"Malam, zan tambaye ka, ka gaya mini tsakani da Allah. Akwai wani abu da nake yi da hannu?"

Malam Kailani ya dubi titi, ya bi wani keke da ido har ya ɓace. "Shinshinawar?"

"Tun yaushe?"

"Tun kana sa kaki. Mu mun ɗauka cikin aikin ne." Sai halin nasa ya motsa. "Yaran layinku ai Alhaji Shinshina suke ce maka. Na zaci ka sani."

Ya tashi bai yi sallama ba. A hanya komai ya dame shi: kwatar da ta toshe, ledoji, hayaƙin acaɓa, ƙarnin kifi daga bakin kasuwa. Ya ji haushin unguwar gaba ɗaya, mutanen da suka yi shekara da shekaru suna kallonsa yana wa'azin tsani da yatsa a hanci, suna ce masa ranka ya daɗe. Ya ji haushin Ishatu da ta bari sai da aka kai ga barkono. Amma duk wannan bai kai ƙyamar da ya ji ta kansa ba. Tsoho da furfura, ya tasa 'yar shekara huɗu a gaba yana dirza, alhali abin da yake nema yana manne a wuyan hannunsa. Laifi tudu ne, an faɗa, sai dai shi nasa tudun a kansa ya gina gida.

Duk da haka, a ƙasan ƙyamar akwai wani ɗan sanyi. In a tabarma ta ɗauka, to jininta lafiya lau. Ba abin da ya lalace. Gobe zai kira ta, ya ce wasa yake, su koma yadda suke. Yaro ai mantuwa gare shi.

Washegari ya fita da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a layin mai ƙosai har aka zo kansa, ya ce a zaɓo masa masu zafi. Da ya dawo ya tarar da keke mai ƙafa uku a ƙofar gida, direban yana ɗaure jaka a baya. Naja'atu ta yi waya da mijinta, Hajiya kuma ta ce ta ɗauki nauyin izinin. Bai yi faɗa ba. Ya wuce tsakar gida ya shimfiɗa tabarmar da kansa, ya zauna, ya buɗe ƙosan.

Fiddausi ta fito an sa mata rigar fita. Kumburin ya sauka, idanun dai jajaye ne. Hannayenta duka biyu suna bayanta.

"Amarya, zo mu karya kafin ki tafi."

Ta dubi uwarta. Naja'atu ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba. Yarinyar ta matso kaɗan ta tsaya a bakin tabarma.

"Mu ga hannun."

Ta fito da su a hankali, ta riƙe nesa da jikinta kamar ta ɗauko abin zubarwa. Bayan yatsun ya yi ja, ya saɓule wuri-wuri. Ya lura tun fitowarta ba ta kai su hanci ba ko sau ɗaya. Horon ya ci.

"Hannunki ba ya wari," in ji shi. "Ba ya wari ko kaɗan. Angonki ne ya yi kuskure. Ungo."

Ya gutsuro ƙosai, ya hura, ya miƙa mata saitin baki yadda ya saba.

Ba ta buɗe baki ba. Hannunsa take kallo.

"Ka ce a jini yake."

"Na ce, amma ba haka ba ne."

"Ka ce jininka ne."

Ta ci gaba da kallon yatsun nasa, tsofaffi, masu tsabta, farcen a yanke, maiƙo yana sheƙi a kansu. Sai hancinta ya tattare, leɓenta na sama ya ɗaga, ta ɗan ja kai baya. Bai taɓa ganin wannan fuskar a madubi ba, amma ya san yadda ake jin ta daga ciki, ya kuma san a gaban wa ya fara yin ta.

"Na ƙoshi," in ji Fiddausi.

Ta mai da hannayenta baya, ta juya wurin uwarta. Naja'atu ta ɗauke ta, ta durƙusa a gurguje ta ce, "Baba, sai mun dawo," ba ta faɗi rana ba. Ya ji keken ya tashi, ya ji ya karya kwana a bakin kemis.

Hajiya Ishatu ta leƙo daga kicin ta gan shi zaune, hannun yana miƙe har yanzu da gutsuren ƙosai a ciki. Ta koma ciki. Can ya ajiye ƙosan a kan takarda. Hannun ya kama hanyarsa ta kullum, yana kallonsa, bai hana shi ba. Ya ja numfashi sau biyu, bai ji komai ba sai man gyaɗa.